Jakar Hannun Kellu

In kun taɓa ganin tsofaffin matan Birni, a nan Damagaram, da wata 'yar jakar fata mai buɗaɗɗen baki ɗaure a wuyan hannun dama, to kakana Modu ne ya fara ɗinka ta. Na faɗa, na kuma maimaita. Duk ɗan badukun da ke yawo yana cewa ubansa ne ya ƙago ta, ya zo ya same ni, ina nan zaune a gidanmu, ƙafa ce ta gaza amma baki yana nan daram. Ban ga farkon abin da idona ba, domin ina cikin uwata aka soma shi, amma na ji shi daga bakin waɗanda aka yi a gabansu, har na haddace.

Modu Babarbare ne. Ubansa ya taso daga Barno da ayari, ya sauka a Birni da niyyar kwana bakwai, sai ga shi a nan aka binne shi. A wajensa Modu ya koyi dukanci: kuben takobi, gafakar malamai, alabe, takalma da ɗinkin layu. Da Nasara suka ci ƙasar, masu takubba suka rataye su a ɗaka, aikin kube ya mutu murus, dukawa da yawa suka koma gona. Shi bai koma ba. Ya zauna a zaurensa da basilla da wuƙa, yana ɗinka abin da Allah ya kawo. Gajere ne, siriri, ba ya son yawan magana. Ni da nake jikarsa nakan tsokane shi in ce, tsohon mijina, da ana sayen magana a kasuwa da mun yi arziki da wadda ka tara. Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa ke yi masa dariya a kanta: ba ya sakin abu sai ya gwada shi a jikinsa. In takalmi ne sai ya taka shi zuwa masallaci ya dawo, in kube ne sai ya zare takobi ya mayar sau arba'in.

Matarsa Kellu, kakata, ita ce bakin gidan. Doguwa ce mai murya, in ta yi dariya a tsakar gida ana jin ta a gida na uku. Turaren wuta take haɗawa, tana bin gidaje da shi, amma ba da turare aka fi saninta ba, da kyauta aka san ta. Hannunta na dama ba ya riƙe abu. Bakin zanenta kullum a ƙulle yake da goro, ko dabino, ko 'yar kanwa, kuma ba wanda zai gaishe ta ya wuce ba ta kwance ƙullin nan ba. Haihuwa shida ta yi, ɗaya ce ta tsaya, Zainaba, uwata.

Wajen shekara ashirin da zuwan Nasara, wata safiya da damina, Kellu tana dakan itacen turare sai taɓarya ta suɓuce mata, ita ma ta bi ta ƙasa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. An yi rubutu, wanzami ya yi ƙaho, har wajen lokotoron bariki, likitan Nasara, Modu ya kai ta ya duba. Baki ya miƙe, ƙafa ta dawo tana ɗan ja, amma hannu ya ƙi. Ya rame, yatsun suka lanƙwashe ciki kamar mai shirin ɗibar ruwa, suka tsaya a nan.

Kellu ba raguwa ba ce. Cikin 'yan watanni ta koyi shara da tuƙin tuwo da hannun hagu. Sai dai ta tura wancan hannun ƙarƙashin mayafi, ta daina fita. In mata sun zo gaisuwa sai ta juya fuska bango ta yi kamar mai barci. Ita kaɗai take cin abinci, a bayan ƙofa. Abincin Modu kuwa, da can da kanta take kai masa zaure ta miƙa masa, yanzu sai ta ajiye kwanon a ƙasa, a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ga shi nan." Shi kuma ya sunkuya ya ɗauka, bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Haka aka yi shekara biyu, gidan ya yi tsit kamar ba kowa.

Sai uwata ta sami cikina, cikin fari. Da ya kai wata bakwai mijinta ya dawo da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi. Kenan a gidan Modu za a yi suna, kuma uwar mai jego ce za ta zauna a tabarma ta tarbi mata, ta karɓi abin barka, ta raba goro. Kwana biyu da zuwan Zainaba, Kellu ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, in Allah ya sauke ta lafiya zan yi mata kwana uku, sannan in tafi Zermu wajen Bukar. Falmata ta zauna a madadina." Bukar yayanta ne, manomi, Falmata kuma ƙanwar Modu ce. Uwata tana ji daga ɗaka, ta yi kuka har idonta ya kumbura. 'Ya ɗaya, jika na fari, a ce uwa ta bar gari ranar suna, ai abin da za a yi ta faɗa ne har yarinyar ta girma. Kuma Modu ya san matarsa. Ya san in ta fita ta wannan ƙofar a kan jaki, da wuya kunya ta bar ta ta dawo.

Bai hana ta ba. Amma ya sa ido, kuma wata rana ya hango ta tana kokawa da ƙullin bakin zanenta, hannun hagu da haƙori, har ƙullin ya kwance gaba ɗaya goro ya watse a ƙasa, ta zauna ta kifa kai a gwiwa. Nan take ya ce a ransa ya gano ciwon: ƙulli ne. Mace mai kyauta ta kasa kwance ƙulli, dole ta ɓuya. Allah sarki, tsohon mijina. Da zuciya ɗaya ya yi kuskurensa.

A makon nan ne wani gardi, dogarin Nasara, ya zo ya ce ana kiran baduku a bariki. Maratayin jakar madam ɗin wani babban Nasara ne ya tsinke. Aikin da bai fi a sha fura a tashi ba, Modu ya kai azahar a kansa, domin jakar tana da wani baki na ƙarfe da in ka latsa da yatsa ɗaya sai ya buɗe, in ka matse ya rufe. Ya yi ta buɗewa yana rufewa har gardin ya tambaye shi ko lafiya. Alaben da muka sani sai da hannu biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zare kube. Wannan kuwa hannu ɗaya ya ishe ta. Ya dawo gida yana sauri kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Ba shi da ƙarfen Nasara, sai ya fere maɓalli da ƙahon akuya, ya yi masa harshen fata mai tauri wanda babban yatsa zai iya turewa. Ya je majema da kansa ya zaɓi jar fatar akuya, irin wadda ake kawowa daga Damagaram Takaya, ba tabo ba ƙuraje. Ya zagaye bakinta da korino, koriyar fatar nan ta ado, ya sa mata tuntu biyu da dogon maratayi na wuya. A wancan zamani mace ba ta da jaka, tana da ƙwarya da bakin zane. Dukawan unguwa suka riƙa leƙowa zaure suna cewa, "Modu, daga kuben mazaje an koma tarkacen mata? Saura ka ɗinka wa akuya takalmi." Bai ɗaga kai ba.

Kwana goma sha biyu ya gama. Ya shiga ciki ya rataya mata a wuya, ya nuna mata maɓallin. Kellu ta tura yatsa, jaka ta buɗe, ta mayar, ta rufe. Ta shafa fatar ta ce, "Ta yi kyau, Malam. Allah ya yi wa hannunka albarka." Sannan ta cire ta rataye a jikin bango, ba ta sake waiwayarta ba.

Ya ce maɓallin ne ya yi tauri. Ya ɗinka ta biyu mai laushi. Ta gode, ta rataye. Ya ce to nauyi ne, ya ɗinka ta uku ƙarama, fatar kamar ganyen albasa. Ta gode, ta rataye kusa da 'yan'uwanta. Cikin uwata ya shiga wata tara, jaka uku suna reto a bango, kuma an riga an aika wa Bukar ya shirya jaki.

Nan ne ɗabi'arsa ta tashi. Ya tuna duk ukun ba wadda ya gwada a jikinsa, saboda gaggawa. Ranar Alhamis da hantsi ya ɗaure hannunsa na dama da tsirkiya a jikin ƙugu, ya zura riga a kai, ya rataya jaka ta uku a wuya, ya nufi kasuwar Zango inda ba kowa ya san shi ba. Tun a hanya ya soma jin abin. Wani ya miƙo masa hannu za su gaisa, ya rasa yadda zai yi, sai ya dafe ƙirji ya wuce. Bai kula sosai ba, hankalinsa yana kan maɓalli.

Ya tsaya gaban wata tsohuwa mai goro, ana ce mata Delu. Ya zaɓi fari guda. Ya tura yatsa, jaka ta buɗe sumul, ransa ya yi fari. Ya ɗauko kuɗin ya miƙa mata da hagu. Tsohuwar ta dubi hannun, ta dubi fuskarsa, ta sake duban hannun.

"Kai, da furfurarka?" ta ce, da muryar da duk layin ya ji. "Wace ce ta raine ka? Hannun tsarki za ka miƙo mini da sassafe, ka kore mini albarkar kasuwa? Ajiye a ƙasa. In kai ba ka da kunya, ni ina da ita."

Masu goro suka kwashe da dariya. Modu ya ajiye kuɗin a ƙasa. Ita ma ta ajiye masa goronsa a ƙasa, a bakin tabarmarta, ta ce, "Ga shi nan."

Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tsaya a sunkuye. Wannan sunkuyon ya san shi. Shekara biyu yana yin sa safe da yamma a bakin ƙofarsa, kuma kalmar ma ita ce. Ya gaya mini da bakinsa, yana tsoho tukuf, cewa bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar 'yan kasuwa ba. Kunyar kansa ya ji, ya kwana ɗaki ɗaya da mace shekara talatin amma sai da baƙuwa ta zage shi ya san abin da ke cinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi yana ta gyaran ƙofa, ruwa ta sama yake zuba.

Bai kwance hannun ba, haka ya dawo gida. Ya tarar da Kellu a inuwar ɗaki tana tsince gero. Ta ga hannun riga yana lilo ba komai a ciki, ta zabura.

"Malam, me ya sami hannunka?"

Ya zauna a ƙasa a gabanta, abin da bai saba ba, ya ɗage riga ta ga tsirkiyar. Ya ba ta labarin tsohuwa mai goro, bai rage komai ba. Da farko ta yi dariya, dariyar da aka yi shekara biyu ba a ji ba, uwata har ta leƙo daga ɗaka. Sai dariyar ta karye ta koma hawaye.

"Don me ba ki faɗa mini ba, Kellu?"

"In ce me? Abin da yaro ɗan shekara uku ya sani? Mata ɗari za su shigo gidan nan, kowace da abin barka a hannunta. Da wanne zan karɓa? Da wanne zan ba sa'ar uwata goro?"

"Ai sun san lalura ce. Ba wadda za ta riƙe ki."

"Sun sani. Su za su yafe, Malam. Ni ce ba zan iya ba. Ni da ban taɓa ba kare ƙashi da hagu ba."

Ya dubi mayafin da ya rufe hannun. Sannan ya ce, "Ba ni hannun in gani."

Tun da abin ya faru ba ta bari ya gan shi a fili ba. Ta riƙe mayafin da ƙarfi ta ce, "Ya mutu, Malam. Me za ka gani?"

"Ni duk rayuwata da fatar abin da ya mutu nake aiki," ya ce, "kuma ba wadda ta taɓa ƙin yi mini aiki."

Ta sake mayafin. Ya kwance nasa hannun, ya ɗauki nata da hannu biyu, ya juya shi a hankali. Ya yi sanyi, ba nauyi. Ya duba yadda yatsun suka lanƙwashe, ya sa dunƙulen goron da ya sayo a tafin, ya saki, goro bai faɗi ba. Ya ɗago gwiwar hannun da tafinsa, hannun ya miƙe gaba da goron a ciki. Ya sauke, ya sake ɗagowa. Uwata ta ce tana kallonsu ta bayan labule, ta ga fuskar ubanta ta canja kamar ta mai jin kira daga nesa. Ya tsinko zare daga bakin rawaninsa, ya auna wuyan hannun, ya auna tafin, ya ƙulla, ya tashi ya shige zaure ko ruwa bai sha ba.

Jaka ta huɗu ba ta yi kama da ukun farko ba, ba ta kuma yi kama da ta madam ba. Ba maɓalli, ba tuntu, ba abin latsawa. Ƙarama ce kamar ludayi babba, gindinta a dunƙule daidai tafin Kellu, yadda lanƙwasassun yatsun nan za su rungume ta. Ta ba shi wahala. Da farko bakin ya riƙa rufewa da kansa, sai ya lanƙwasa siririn reshen geza ya yi zobe, ya ɗinke shi a ciki, baki ya tsaya a buɗe. Maɗaurin wuyan hannu ya goge mata fata har ya yi ja, ita kuwa ba ta ji ba, don hannun ba ya jin zafi. Wannan ya tayar masa da hankali ƙwarai. Ya warware, ya yi masa shafi da fatar ɗan akuya da ya murza da man shanu kwana biyu. Ya raba cikin gida biyu, na gaba na abin da zai fita, na baya na abin da zai shigo. Kowane gyara sai ya ɗaure hannunsa ya gwada tukuna.

Ni kuma ban jira shi ba, tun ina ciki ba ni da haƙuri. Na faɗo duniya jaka tana rabi. Kwana uku da haihuwa Bukar ya iso daga Zermu da jakinsa. Modu ya tare shi a zaure ya ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri ka kwana biyu, ka ci naman suna." Bukar ya ce shi bai ƙi ba, amma in ƙanwarsa ta ce a tafi, tafiya za a yi. Ya ɗaure jakin a gindin bedin ƙofar gida.

Ranar kwana shida da la'asar Modu ya gama. Ya shiga ya ɗaura mata, ya kama hannunta na hagu ya sa shi a ƙarƙashin gwiwar na dama, ya nuna mata yadda za ta ɗago. Ta ɗago sau ɗaya. Ta dubi jakar, ta daɗe tana dubanta. Ba ta ce ta yi kyau ba, ba ta yi godiya ba, ba ta kuma ce ta fasa tafiya ba. Ya fito bai san inda aka kwana ba. Abu ɗaya ya lura da shi, ba ta rataye ta a bango ba.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, liman ya raɗa suna, aka yanka rago, aka watse. Bukar ya ɗaura wa jaki akumari, ya zauna kusa da shi. Da rana ta take mata suka fara shigowa, 'yan Birni da 'yan Zango, kowace da ƙwarya ko ƙunshi. Falmata ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zauna a wurin uwar mai jego, tana ta ba da haƙuri, wai Kellu ba ta jin daɗi. Namiji ba ya shiga taron mata, saboda haka Modu yana zaure, basilla a hannu, ba ya ɗinka komai, idonsa a kan jaki.

Gida ya cika maƙil sannan labulen ɗakin ya ɗaga. Kellu ta fito cikin baƙin zanenta na saƙi, tana jan ƙafa, mayafin a kafaɗa ba a kan hannu ba. Uwata ta ce abin da ta fara gani ba jakar ba ce, lalle ne. Hannun nan da ya yi shekara biyu a ɓoye ya sha lalle har wuya, ja wur, ita ta ƙunsa wa kanta da hagu ba wanda ya sani. Falmata ta matsa ba tare da an ce mata ba.

Kellu ta nufi tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwata, wadda ta fi kowa shekaru a wurin. Ta durƙusa, ta sa hagu ƙarƙashin gwiwar dama, ta ɗago, jaka cike da goro ta miƙe zuwa gaban tsohuwar.

"Iya, ga goro."

To ku da kuka san ladabi kun san wannan miƙon. Haka ɗiyar kirki ke miƙa wa babba abu, dama a gaba, hagu tana tallafe da ita. Ba mai kallon da zai ce ga hannu mai rai ga matacce. Tsohuwar ta sa yatsu ta ɗauki goro, ta jefa abin barkarta a gidan baya, ta riƙe hannun mai lalle da nata biyun ta ce, "Kellu, ashe kina nan." Wata ta rangaɗa guɗa. Daga nan ba wanda ya ƙara jin maganar wani, ana kuka ana dariya, kowace tana turo 'yar'uwarta don ta kai ga jakar. Mai ƙwaryar gero sai ta taɓa ta a hannun Kellu ta sauke. Sau tara aka cika gidan gaba da goro ranar.

Abin da ya biyo baya kowa a Birni ya sani. Kafin in yi arba'in mata bakwai masu lafiyayyen hannu sun aiko a ɗinka musu irinta. Modu ya ga kowace da buƙatarta, sai ya raba ta iri uku: mai zurfi ta masu turare, mai faɗi ta goro, da wata 'yar ƙarama mai korino ta zuwa biki. Ukun farko da ke bango ma ba su yi asara ba, madam ɗin bariki ta ji labari ta aiko gardi ya kwashe su, ta kuma sa aka yi mata wasu ta tafi da su ƙasarsu. Ta nemi mai ɗaurin hannu guda, amma da gardin ya ce a hagu take ɗaurawa, Modu ya ce fata ta ƙare. Dukawan da suka yi masa maganar takalmin akuya kuwa, kafin shekara ta zagayo kowa yana lanƙwasa reshen geza a zaurensa, ba ko sannu. Tsohuwa Delu har ta mutu ba ta san alherin da ta yi mana ba. Wajenta Modu yake sayen goro duk Alhamis, da hannun dama, tana ce masa, "Ka ga yanzu ka yi hankali."

Kellu ta koma bin gidaje da turarenta, ta yi shekara goma sha ɗaya da jakar a hannu. Na tashi na same ta a haka, har na zaci kowace kaka haka hannunta yake. Daga cikin jakar nan na ci dabinon da ba zai ƙirgu ba. Ta riga Modu tafiya da shekara huɗu, kuma ina kewarta har yau.

Akwai wata laya ƙarama, dunƙulalliya, da Modu ke ratayawa a wuya ƙarƙashin riga, ba ya cire ta sai wanka. 'Yan unguwa suna cewa ita ce asirin kasuwarsa, har wani baduku ya taɓa yi masa tayin tunkiya a kanta. Na yi ta tambayarsa wane malami ya rubuta, yana cewa in bar shi ya huta. Sai a ciwonsa na ƙarshe, ina ba shi kunu, ya gaya mini.

Ya ce ranar sunana shi bai ga komai ba, guɗa kawai ya ji, kuma guɗa ai ana yin ta a kowane suna. Yana nan zaune har rana ta yi sanyi, mata suka fara fita. Sai ya ga Bukar ya miƙe, ya kwance jakinsa, ya hau shi kaɗai, ya ɗaga masa hannu ya kama hanyar Zermu. Bai gama kallonsa ba ya ji jan ƙafa a bayansa. Kellu ce. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta shigo har cikin zaure, ta durƙusa a gabansa, ta tallafo hannun. Goro ɗaya ya rage a jakar, fari, ta ɓoye shi tun safe.

"Malam," ta ce, "shekara biyu ban miƙa maka komai ba. Karɓi."

Ya ce ya karɓa, amma ya kasa ci. Ya bar shi ya bushe, ya ɗinke shi a cikin ragowar fatar jakar. Layar tana wajena yanzu, in an girgiza ta ana jin goron yana motsi a ciki.